Intalok, kankare, tayil, dutse ko tsakuwa: me za ka shimfiɗa a farfajiyar gidanka?

Idan gini ya kai ga fenti, abin da ke saura shi ne ƙasar waje: bakin get, wurin ajiye mota, da tsakar gida inda ake wanki da shanya. A nan ne masu gida da yawa ke rikicewa, domin birkila zai ce a zuba kankare, mai buga intalok zai ce nasa ya fi, uwargida kuma tana son abin da tsintsiya za ta bi ba wahala. Kowannensu da gaskiyarsa. Abin da zai raba gardamar shi ne a san ƙasar wurin, a san abin da zai riƙa hawa kanta, sannan a zaɓa.

Abubuwan da za ka auna kafin ka tambayi farashi

Na farko nauyi. Wurin da ƙafa kawai ke takawa daban yake da wurin da ƙaramar mota ke kwana, shi kuma daban yake da inda tankar ruwa ko tifa ke shiga, ko da sau ɗaya ne a wata. Shiga ɗaya ta tanka cike da ruwa ta isa ta dare kankaren da aka yi domin tafiyar ƙafa.

Na biyu ruwa, kuma shi ne ya fi lalata aiki. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan farfajiya mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya cikin Agusta, lita 3,000 ta sauka a kanta, ban da wanda indararo ke kwararowa daga rufi. Dole wannan ruwa ya sami hanya. Ƙa'idar gangara ita ce santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa magudana: idan faɗin tsakar gida mita 10 ne, bakin rariya ya fi gindin bango ƙasa da santimita 15 zuwa 20. Saman daɓen kuma ya kasance ƙasa da daɓen cikin ɗaki da aƙalla santimita 15, in ba haka ba danshi zai hau bango, fenti ya riƙa ɓarewa daga ƙasa.

Na uku irin ƙasar. Ƙasar jigawa da jar ƙasa ba su cika motsi ba. Baƙar ƙasa mai danƙo, irin firgin yankin Tafkin Chadi da wadda ake samu a sassan Adamawa da Gombe, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma duk abin da aka shimfiɗa a kanta sai ya bi motsinta. Haka wurin da aka cike da ɓaraguzai ko tsohon kududdufi.

Na huɗu abin da ke binne: bututun ruwa, wayar lantarki, hanyar sokawe. Wata rana za a tone su. Sai kuma zafin rana a tafin ƙafar yara, santsi ga tsofaffi, sauƙin shara, da kuɗi, na yau da na gyara.

Intalok

Tubalan kankare ne ƙanana da ake jerawa a kan yashi ba tare da kwaɓin siminti ba. A Holan aka fara yin su da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan bulon shimfiɗa titi ya yi ƙaranci. Ƙarfinsu ba a tubali ɗaya yake ba. Yashin da ke tsakaninsu ne ke sa idan taya ta danne ɗaya, na gefensa su taya shi ɗaukar nauyin, shingen kankaren da ke kewaye kuma ya hana su bajewa.

Kauri iri uku ne aka sani. Milimita 60 na tafiyar ƙafa da ƙananan motoci, milimita 80 na inda manyan motoci ke shiga kamar gidan mai, milimita 100 kuma na tashar jiragen ruwa da masana'antu. Mai siffar bulo, wato tsawo santimita 20 faɗi 10, guda 50 ke cike murabba'in mita 1. Farfajiya mai murabba'in mita 100 za ta ci guda 5,000, a ƙara kashi 5 cikin 100 saboda yanka da karyewa.

Ga yadda aikin kirki ke tafiya. A kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwa gaba ɗaya. A zuba jar ƙasa mai marmara ko fasasshen dutse, kaurin santimita 10 zuwa 15 bayan an danne, kuma a fitar da gangarar tun a wannan mataki, ba a yashi ba. A yayyafa ruwa a bi da injin dannewa, kashi-kashi, kada a zuba duka a danne sama kawai. A kafa shingen gefe a cikin kankare ya bushe. Sannan a baje yashi mai kaifi ko garin dutse, santimita 3 zuwa 4, a ja shi da katako ya daidaita, kada kowa ya taka. A jera tubalan, a bi su da inji, a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogin, a sake bi da inji har su cika. Inda mota ke juyawa, jerin ƙashin kifi, wato wanda tubalan ke gittawa juna a karkace, ya fi riƙewa. Jerin layi miƙaƙƙe yakan zame a hankali inda taya ke murzawa.

Kusan duk intalok ɗin da ka gani ya lotsa, laifin na ƙarƙashinsa ne. Ko dai ba a danne jar ƙasar ba, ko an cika yashi har santimita 8 ko 10 don a ɓoye rashin daidaiton ƙasa. Yashi mai kauri haka yakan gudu a ƙarƙashin taya, sai ka ga kwari biyu daidai sawun mota, ruwa yana kwanciya a ciki. Idan kuma babu shingen gefe, layin ƙarshe ne zai fara buɗewa, ruwa ya wanke yashin, ɓarnar ta riƙa cin ciki.

Ingancin tubalin kansa wani babi ne. Akwai wanda ake zubawa a mazubin roba, mai sheƙi da ado, akwai na injin matsewa, mai ɗan kaushi. Na inji ya fi daidaiton kauri kuma yawanci ya fi ƙarfi. Na roba ma yana iya yin kyau, amma ana yawan cika masa ruwa don ya malale cikin mazubi, ruwa mai yawa kuwa rage ƙarfi yake yi, shi ya sa sheƙin kan ɓare bayan damina ɗaya ko biyu. Lissafi mai sauƙi: murabba'in mita 1 na mai milimita 60 yana buƙatar siminti wajen kilo 20 zuwa 25, wato buhu ɗaya mai kilo 50 bai kamata ya wuce murabba'in mita 2 zuwa 2.5 ba. Wanda ke fitar da mita 4 daga buhu, yashi yake sayar maka. Kafin ka biya, ɗauki biyu ka gwara su: mai kyau yakan yi ƙara tsaf, maras kyau ya yi dum. Karce gefensa da ƙusa, in yana zubar da gari ka bar shi. Fasa ɗaya ka ga ko launin ya ratsa ciki ko a fuska kawai yake. Tambayi ranar da aka buga, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma makon farko yana buƙatar ban ruwa kullum.

Babbar fa'idarsa ita ce gyara. Bututu ya fashe, a ɗaga tubalan wurin, a gyara, a mayar da su, ba a sayi komai ba sai yashi. A ƙasa mai motsi kuma yana lanƙwasawa ne maimakon ya dare. Aibinsa ciyawa da tururuwa. Ƙiri-ƙiri da aya-aya suna samun gindin zama a tsagogin da yashinsu ya ragu, don haka a riƙa ƙara yashi bayan kowace damina. Ledar da wasu ke shimfiɗawa a ƙasa ba ta magance wannan sosai, tunda yawancin irin ciyawar daga sama iska ke kawo shi, ga shi kuma tana tare ruwa a cikin yashin. A wurin wanki da wanke-wanke intalok ba ya daɗi: ruwan sabulu da maiƙo suna shiga tsakani su yi wari, ga gansakuka.

Kankare

Shi ne zaɓin da aka fi sabawa da shi, kuma shi aka fi yi wa ha'inci. Yawancin abin da ake kira daɓen siminti a gidaje kwaɓin yashi ne mai kaurin yatsa biyu a kan ƙasar da ba a danne ba. Wannan ba ya shekara biyu sai ya fara ɓamɓarewa. Kankare na gaskiya kaurinsa santimita 10 ne don ƙafa da ƙaramar mota, 15 don babbar mota, tare da ragar ƙarfe a ciki.

Haɗin da aka saba shi ne 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4. A ma'aunin wurin aiki, buhu ɗaya na siminti (daidai da kwanon sarki 2), kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi, 8 na tsakuwa, da ruwa kamar jarka ɗaya mai lita 25, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Murabba'in mita 100 a kaurin santimita 10 zai ci buhu 63 ko kusa da haka, yashi kubik mita 4.5, tsakuwa kubik mita 9. Da wannan lissafi za ka iya zama da farashin ranar ka fitar da kuɗinka da kanka, ka kuma gane idan an rage maka.

Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, saboda haka sai ya tsage, babu makawa. Dabarar ita ce a zaɓa masa inda zai tsage. A raba shi gida-gida, kowane gida kada ya wuce mita 2.5 zuwa 3 a kowane gefe, ko dai da siririn katako lokacin zubi, ko a yanka da inji washegari, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. A bar ɗan tsakani inda ya haɗu da bango. Ragar ƙarfe ba ta hana tsagewa, tana hana tsagar buɗewa ne, kuma sai an ɗaga ta a kan 'yan duwatsu ta zauna cikin kankaren. Wadda aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba a kanta asarar kuɗi ce.

Lokacin zubi yana da muhimmanci a ƙasarmu. Iskar hunturu busasshiya da ranar Maris da Afrilu suna shanye ruwan fuskar kankare kafin ya kama, sai ka ga ƙananan tsagogi tun ranar farko. A yi zubi da sassafe ko da yamma, a rufe da leda ko jiƙaƙƙun buhuna, a yi ban ruwa kwana 7 ba fashi. Kada mota ta hau kafin mako biyu, babbar mota kuma sai bayan kwana 28. Fuskar ma a kula: goge ta sumul da cokalin ƙarfe, ko barbaɗa busasshen siminti a kai, yana kawo santsi da ɓarewa. A ja tsintsiya mai tauri a kai kafin ya kama, ta bar ƙananan layuka masu riƙe ƙafa.

Wajen shara, wanki, shanya hatsi da shimfiɗa tabarma, babu kamarsa, kuma ba ruwansa da ciyawa. Sai dai duk ruwan da ya sauka a kansa gudu yake yi, ko ɗigo ba ya shiga ƙasa, don haka magudana ta zama wajibi. Ranar da za a tone bututu kuwa sai an fasa, facin kuma ba ya ɓoyuwa. A kan baƙar ƙasa mai danƙo, in ba a kwashe ta an cike da jar ƙasa mai kauri ba, darewa zai yi komai yawan simintin. Akwai kuma kankare mai hatimi, wanda ake buga wa zanen dutse da launi tun yana ɗanye. Yana da kyan gani, amma duk hukuncin kankare na kansa, ga ƙarin man kariya da ake sake shafawa bayan shekara 2 ko 3, kuma yana santsi idan ya jiƙe.

Tayil

Tayil ba ya tsayawa da kansa, sai an zuba kankare a ƙarƙashi, don haka kuɗi biyu ne. Wanda aka yi domin ɗaki bai dace da waje ba ko kaɗan: ruwan alwala kaɗan ya isa ya kayar da dattijo. Idan za a sa, a nemi na waje mai kaushi, wanda aka rubuta R11 (ma'aunin rashin santsi) a kwalinsa, mai jikin da ba ya shan ruwa. A shafe bayansa duka da manne, kada a ɗiga a kusurwa huɗu, domin ramin da aka bari a ƙasa nan yake fashewa. A bar tsakani na milimita 3 zuwa 5, saboda zafin rana yana buɗa shi, in babu wurin motsi sai ya tashi ya yi tozo. Wurinsa baranda da inda ke da rumfa. A sayi kwali biyu ko uku na ajiya, don samfurin yakan ɓace daga kasuwa.

Dutse

Fallayen dutse, ko yankakku masu kusurwa ko fasassu da ake jerawa a cike tsakaninsu da siminti, sun fi kowane zaɓi daɗewa. Dutsen kansa zai wuce mai gidan. Abin da ke lalacewa kwaɓin tsakani ne, shi kuma ana sake shi. Kaurin santimita 3 zuwa 5 ya isa, a kwantar da kowane falle a kan cikakken kwaɓi na siminti 1 yashi 4, in mota za ta hau kuma a sa kankare a ƙasa. Tsadarsa a dako da hannu take: kusa da wurin fasa dutse, kamar Mpape a Abuja, yana da sauƙi, nesa kuwa kuɗin mota ya kan fi na dutsen. Yana son magini mai haƙuri, don kaurin fallayen ba ɗaya ba ne, kuma ɗan tudun santimita 1 ya isa tuntuɓe. Baƙin dutse yana ɗaukar zafi ƙwarai, da azahar ba ya takuwa ba takalmi. Mai haske ya fi dacewa da inda yara ke wasa.

Tsakuwa da daɓen gargajiya

Tsakuwa ita ce mafi arha da sauri. A danne ƙasa, a shimfiɗa yadin da ke barin ruwa ya wuce, a kafa shinge, a baje tsakuwa mai girman milimita 10 zuwa 20 a kaurin santimita 5. Murabba'in mita 100 zai ci wajen tan 8. Ruwa yana nutsewa nan take, bishiyoyin gida suna amfana, kuma tana ƙara idan an taka, abin da masu gadi ke so. Amma ba ta sharuwa, ganye da kashin kaji suna maƙalewa, keken guragu da baro ba sa tafiya, ba a kuma shimfiɗa tabarma a kai.

Daɓen gargajiya, na marmara da ake bugawa da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba, har yanzu yana da wurinsa a cikin rumfa da zaure, domin ya fi siminti sanyi a ƙafa. A fili inda ruwan indararo ke dukansa ba ya jurewa, sai an riƙa sabunta shi.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Daɗewa | Gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Intalok | Matsakaici zuwa sama | Shekaru da yawa in ƙasa ta dannu | Mai sauƙi, a ɗaga a mayar | Lotsawa, ciyawa, tubali maras siminti |
| Kankare | Matsakaici | Shekaru da yawa in an raba shi | Sai an fasa | Tsagewa, kwanciyar ruwa |
| Tayil | Sama | Matsakaici a fili | Sai an sami irinsa | Santsi, tashi, fashewa |
| Dutse | Mafi tsada, sai kusa da mafasa | Mafi daɗewa | Sake kwaɓin tsakani | Tuntuɓe, zafi |
| Tsakuwa | Mafi arha | Sai ana ƙarawa | Mai sauƙi | Wahalar shara, watsewa |

Game da farashi, kada ka karɓi kuɗin murabba'in mita a dunƙule. Ka sa a rubuta maka daban-daban: tonon ƙasa, jar ƙasa tifa nawa, hayar injin dannewa, shingen gefe mita nawa, yashi, tubali ko siminti, magudana, da kuɗin hannu. Mai arhar da ta yi yawa, in ka duba, injin dannewa da shingen gefe ne ya cire, su ne kuwa ba a ganin rashinsu sai damina ta biyu.

Wanne ga wa

Ba dole ba ne gida ɗaya ya ɗauki abu ɗaya, kuma a ganina rabawa ta fi. Daga get zuwa wurin ajiye mota, da duk inda bututu ya bi, intalok: milimita 60 in ƙananan motoci ne, 80 in tanka na shigowa. Tsakar gida ta ciki, inda ake girki da wanki da yankan layya, kankare mai jan tsintsiya da gangara zuwa rariya. Gindin turmi a bar masa ƙasa ko a yi masa kauri na musamman, don daka na fasa siririn daɓe.

Wanda filinsa baƙar ƙasa ce mai danƙo ko cikon kududdufi, ya guji kankare da tayil a fili, ya yi intalok ko tsakuwa. Wanda unguwarsu ba ta da kwata, ruwan gidansa ba shi da mafita sai ƙofar maƙwabci, ya rage wurin da zai rufe, ya bar tsakuwa da gindin bishiya su sha wani kaso. Gidan da ke da tsoho ko mai keken guragu, kankare mai kaushi ko intalok na inji mai shafaffen baki. Gidan haya mai mutane da yawa, kankare, tunda babu wanda zai ɗauki nauyin cire ciyawa. Mai hali da ke kusa da dutse kuma yana son aikin da ba za a sake ba, dutse mai haske. Wanda kuma kuɗinsa ya ƙare a rufi da fenti, ya danne jar ƙasa da gangararta yadda ya kamata, ya kafa shinge, ya zuba tsakuwa. Ranar da hali ya samu, sai a kwashe ta a baje yashi a jera intalok a kan wannan ƙasar da ta riga ta zauna.